Yaƙin Duniya na Biyu: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Sanadinsa, Yadda Aka Gwabza Shi, da Rabon da Ya Faɗo Mana

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu suka fi kira Yaƙin Hitila, wasu kuma Yaƙin Bama, shi ne yaƙin da ya fi kowane yaƙi cin rayuka a tarihin ɗan Adam. An tsara waɗannan tambayoyi ne domin mai karatun da ya ji labarin guntu-guntu, a aji ko a bakin wani tsohon soja, yana kuma son ya ga yadda abin da aka ƙulla a teburin shawara ya haɗu da abin da ya auku a fagen fama, da kuma nauyin da ya sauka a kan talaka, har da talakan ƙasarmu wanda babu wanda ya nemi shawararsa.

Yaushe yaƙin ya fara, yaushe kuma ya ƙare?

Littattafan Turai suna ƙirgawa ne daga ranar 1 ga Satumba, 1939, sa'ad da Jamus ta afka wa Poland, bayan kwana biyu kuma Birtaniya da Faransa suka shelanta yaƙi a kanta. Amma mutumin Sin zai ce tun watan Yuli na 1937 Japan ta buɗe wa ƙasarsa wuta gadan-gadan, bayan ta ƙwace yankin Manchuria a 1931, shi kuwa Bahabashe zai nuna watan Oktoba na 1935, lokacin da sojojin Italiya suka tsallaka masa iyaka. Gaskiyar magana ita ce yaƙe-yaƙe ne daban-daban da suka yi ta ci a wurarensu, har suka haɗe suka zama wuta ɗaya a watan Disamba na 1941. An ajiye makamai a Turai ranar 8 ga Mayu, 1945, ita kuma Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba na wannan shekara.

Shin yarjejeniyar Versailles ce ta haifi Hitila?

Ta share masa hanya, amma ɗora mata laifin gaba ɗaya kuskure ne. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a watan Yuni na 1919 ta ɗora wa Jamus alhakin ɓarnar Yaƙin Duniya na Farko, ta yanka mata diyya mai nauyi, ta ƙayyade sojojinta ga 100,000, ta kuma raba ta da ƙasashen da take mallaka, ciki har da Kamaru da Togo waɗanda Birtaniya da Faransa suka raba a tsakaninsu. Jamusawa sun ji zafin wannan ƙwarai. Duk da haka, a zaɓen 1928 jam'iyyar Nazi ta Hitila ba ta samu ko kashi 3 cikin 100 na ƙuri'u ba. Abin da ya ɗaga ta shi ne durƙushewar tattalin arzikin duniya daga 1929, wanda ya bar Jamusawa wajen miliyan 6 babu aikin yi, har a watan Yuli na 1932 jam'iyyar ta samu kashi 37 cikin 100. Ko a nan ma ba ta da rinjayen da za ta kafa gwamnati ita kaɗai. Wasu manyan 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau ne suka lallaɓi shugaban ƙasa Hindenburg ya naɗa Adolf Hitler, wato Hitila, shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu, 1933, bisa zaton za su riƙe linzaminsa, cikin 'yan watanni kuwa ya haramta sauran jam'iyyu duka.

Me ya hana manyan ƙasashe taka wa masu mamaya birki tun da wuri?

Akwai ƙungiyar haɗin kan ƙasashe da aka kafa a 1920 mai mazauni a Jiniba, wadda aikinta shi ne hana wata ƙasa cin zalin wata, amma ba ta da rundunar kanta, Amurka kuma ba ta taɓa shigarta ba. Jarrabawarta ta gaskiya ita ce Habasha, domin Habasha cikakkiyar mamba ce. Da Mussolini, mai mulkin Italiya, ya kai mata hari, har yana watsa wa mutane iska mai guba daga jiragen sama, sai ƙungiyar ta ƙaƙaba wa Italiya takunkumin da bai haɗa da man fetur ba, mashigin ruwan Suwes kuma ya zauna a buɗe jiragen Italiya suna wucewa da sojoji da makamai. Sarki Haile Selassie ya tsaya gaban ƙungiyar a watan Yuni na 1936 ya kai kukansa, aka saurare shi, aka watse. Masu shirin mamaya a Balin da Tokyo sun lura da wannan sosai.

Daga nan Hitila ya riƙa gwada ruwa da ƙafa ɗaya kafin ya zura ta biyu. Ya mayar da soja yankin Rhineland a 1936, ya haɗiye Austriya a watan Maris na 1938, sa'an nan ya nemi a ba shi yankin Sudeten na ƙasar Cekosulobakiya. A taron Munich na ƙarshen watan Satumba na 1938, Chamberlain na Birtaniya da Daladier na Faransa suka zauna da shi da Mussolini suka yanka masa yankin, alhali ba a ba masu ƙasar kujera a teburin ba. Bayan wata shida ya mamaye abin da ya saura. Ya dace a yi wa shugabannin wancan zamani adalci ta wata fuska, domin Faransa kaɗai ta binne sojoji wajen miliyan 1.4 a yaƙin farko, kuma babu ƙauyen da ba shi da gwauruwa ko maraya, saboda haka tsoron wani sabon yaƙi tsoro ne na gaskiya. Kuskurensu shi ne ɗaukar Hitila a matsayin mai ƙorafin da za a iya biya wa bukata ya yi shiru, alhali tun shekarun baya ya bayyana a rubuce cewa burinsa shi ne ƙwace ƙasashen gabashin Turai domin Jamusawa su zauna.

Ta yaya Hitila da Stalin, waɗanda ba sa ga-maciji, suka ƙulla yarjejeniya?

Kowannensu yana sayen lokaci ne. Hitila ba ya son yaƙi ta fuska biyu, Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, kuwa ya ga yadda aka yi watsi da shi a Munich, bai kuma yarda cewa Birtaniya da Faransa za su tsaya masa ba. Ranar 23 ga Agusta, 1939 ministocin harkokin wajensu, Ribbentrop da Molotov, suka sa hannu a Mosko cewa ba za su yaƙi juna ba, tare da wani sashe na asiri da ya raba Poland da ƙasashen Baltik a tsakaninsu. Shi ya sa ranar 17 ga Satumba sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga Poland ta gabas. Amanar ba ta cika shekara biyu ba.

Da Faransa ta faɗi a 1940, me ya faru da ƙasashen da take mulka a Afirka?

Jamus ta kai farmaki ranar 10 ga Mayu, 1940, ta ratsa dajin Ardennes da tankokinta ta inda ba a zata ba, aka kwashe sojojin ƙawance, mafi yawansu na Birtaniya da Faransa, wajen 338,000 ta ruwa daga Dunkirk, Paris ta faɗi ranar 14 ga Yuni, aka tsagaita wuta ranar 22. Faransa ta rabu biyu: gwamnatin Marshal Pétain a garin Vichy wadda ta bi Jamus, da kuma Janar de Gaulle a Landan wanda ya ce ba a gama ba, ko da yake a lokacin ba shi da ko taƙin ƙasa ɗaya.

Ƙasar farko mai muhimmanci da ta ba shi wurin tsayawa ita ce Chadi. Gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata haifaffen Guyana ta Faransa, ya shelanta goyon bayansa ranar 26 ga Agusta, 1940, Kamaru ta biyo baya washegari. Daga birnin Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, Leclerc, wani hafsan de Gaulle, ya ja runduna wadda yawancinta 'yan Afirka ne, suka ratsa hamada suka ƙwace dausayin Kufra na Libiya daga hannun Italiyawa a farkon Maris na 1941. Afirka ta Yamma ta Faransa kuwa, har da Nijar, ta zauna a hannun Vichy har zuwa watan Nuwamba na 1942, bayan harin da de Gaulle da Ingilishi suka kai Dakar a watan Satumba na 1940 ya ci tura. Ma'anar wannan ita ce fiye da shekara biyu Kano da Damagaram, Katsina da Maraɗi, suna ƙarƙashin gwamnatocin da ke kallon juna da ido ɗaya, aka tsananta tsaron iyakar da ta ratsa tsakanin dangi ɗaya da kasuwa ɗaya, saboda rigimar da aka ƙulla a wata nahiya.

Me ya kawo jiragen yaƙi Kano da Maiduguri?

Shigar Italiya yaƙi a watan Yuni na 1940 ta sa tekun Bahar Rum ya zama mai haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, ga shi kuma dakarunta da ke kare Masar suna bukatar jiragen sama. Sai aka fito da wata dabara: a kawo jirage a wawwarware cikin manyan akwatuna zuwa tashar Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sa'an nan matuƙa su tashi da su ayari-ayari zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, su ratsa Darfur zuwa Khartum, su gangara Alƙahira. An fara wannan a watan Satumba na 1940, dubban jirage kuma sun bi ta wannan hanya, wadda ba za ta yiwu ba da Chadi ta zauna a hannun Vichy. Jamusawa sun san darajarta, har a watan Janairu na 1942 wani jirginsu ya ratso hamada ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort-Lamy. Wani kaso na jiragen da suka yi aiki a yaƙin hamadar Masar ya sha mai a Kano kafin ya isa can.

A ina ne yaƙin ya juya wa Jamus da Japan baya?

A Turai, amsar tana gabas. Ranar 22 ga Yuni, 1941 Hitila ya tura sojoji fiye da miliyan 3 cikin Tarayyar Sobiyet, yana sa ran gamawa kafin hunturu, amma aka tsayar da shi a ƙofar Mosko a watan Disamba. A Stalingrad aka yi wata biyar ana faɗa gida-gida, har aka yi wa rundunar Jamus da Janar Paulus ke jagoranta ƙawanya, ragowarta wajen 91,000 suka miƙa wuya a farkon Fabrairu na 1943, bayan karon Kursk na watan Yuli kuwa Jamus ba ta sake iya kai wani babban farmaki a gabas ba. Mafi yawan sojojin Jamus da suka mutu a yaƙin a wannan fage suka mutu, kuma duk wanda ya san yaƙin ta finafinai kawai yana iya rasa wannan. Saukar dakarun ƙawance wajen 156,000 a gaɓar Normandy ranar 6 ga Yuni, 1944 babban aiki ne na gaske, amma ta zo ne bayan an riga an karya ƙashin bayan rundunar Jamus.

A Afirka ta Arewa, nasarar El Alamein da saukar Amurkawa da Ingilishi a Maroko da Aljeriya a watan Nuwamba na 1942 suka matse Jamusawa da Italiyawa har suka sallama a Tunisiya a watan Mayu na 1943. A tekun Fasifik kuwa, Japan ta kai wa Amurka harin ba-zata a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, bayan Amurka ta hana ta man fetur, amma wata shida bayan haka ta rasa manyan jiragen ruwa huɗu masu ɗaukar jiragen sama a karon Midway, ba ta kuma iya mayar da gurbinsu da saurin da Amurka take ƙera nata ba.

Jarumtaka ce ta ci yaƙin ko dukiya?

Babu ɓangaren da ya rasa jarumai. Bambancin yana wajen masana'antu da mai da abinci da hanyar isar da su. Amurka kaɗai ta ƙera jiragen sama wajen 300,000, ta kuma ba ƙawayenta kaya na kimanin dala biliyan 50 a ƙarƙashin dokar bayar da aro ta watan Maris na 1941, ciki har da motoci wajen 400,000 da suka tafi Tarayyar Sobiyet. Su kuma Sobiyet sun kwance masana'antu fiye da 1,500 suka loda su a jiragen ƙasa zuwa gabas, inda bam ɗin Jamus ba ya kaiwa. Rundunar Jamus da ake yi wa kirari da tankoki ta shiga Rasha ne da dawakai wajen 600,000 suna jan igwa da kayan abinci.

Wace rawa sojojin Afirka ta Yamma suka taka?

Najeriya kaɗai ta ba da soja fiye da 100,000. A takarda shiga soja ganin dama ne, kuma lalle akwai waɗanda albashi ko sha'awar ganin duniya ya ja su, amma a wurare da yawa ana yanka wa hakimi adadin da zai kawo, shi kuma ya yanka wa dagatai, wanda aka nuna kuwa ba shi da ta cewa. Tun kafin yaƙin, Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya, har ana bukatar hafsoshin Turawa su koye ta, sai da aka faɗaɗa ɗaukar soja ne Ingilishi ya fara samun wuri.

Aikinsu na farko a gabashin Afirka ne. Birged ɗin Najeriya ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu, 1941, ta kuma ci ɗaruruwan mil cikin 'yan makonni tana korar Italiyawa har Harar. Addis Ababa ta faɗi a farkon Afrilu, Haile Selassie kuma ya koma gadon sarautarsa ranar 5 ga Mayu, shekara biyar cif bayan Italiyawa sun shiga birnin.

Sa'an nan sai Bama, wato Myanmar ta yau. An kafa Runduna ta 81 da ta 82 daga sojojin Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, aka kai su Indiya ta jirgin ruwa, aka sa su ƙarƙashin babbar Runduna ta 14 ta Janar Slim na Birtaniya. Filin da aka ba Runduna ta 81 shi ne kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, ƙasar tsaunuka da gora da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, inda mota ba ta shiga. Da gatari da adda da diga suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon wajen mil 75 a cikin dajin. Abinci da harsashi daga sama ake jefo musu da laima, sauran aikin kuma na 'yan dako ne: dubban mutanen da aka ɗauka musamman domin su ɗora akwatin harsashi, ko rediyo, ko ƙarfen igwar da aka warware, a kan gammo, su hau tsauni su sauka, su tsallake rafi ruwa iya ƙirji, suna kuma ɗauke da waɗanda aka raunata a kan makara. Wannan dako shi ne ya ba rundunar ikon bi ta inda Japanawa ba su zata ba, amma da wuya a ji an ambaci masu yinsa. Bataliyoyi uku na Najeriya sun yi aiki da dakarun Birtaniya na musamman da ake kira Chindit a bayan layin abokan gaba a 1944, kuma a watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung, tsohuwar hedikwatar masarautar Arakan. Zazzaɓin cizon sauro da atini sun kwantar da mutane da yawa kamar yadda harsashi ya yi.

Duk da haka albashin baƙar fata bai kai na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba, hafsoshi kuma kusan duka Turawa ne. Seth Anthony na Gana, wanda ya samu muƙamin hafsa a 1942 ya kuma yi yaƙi a Bama, ya shahara ne daidai saboda irinsa ba su da yawa.

Waɗanda suka zauna a gida fa, yaƙin ya taɓa su?

Ya taɓa su ƙwarai. Da Japan ta ƙwace Malaya, Singafo kuma ta faɗi a watan Fabrairu na 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza da roba, sai ido ya koma kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a kan tilas, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina aka kai shi sanyin tsaunin Filato babu bargo mai kirki, babu isasshen abinci, gonarsa kuma tana can babu mai nomawa, da yawa suka kamu da ciwo suka mutu, da yawa kuma suka gudu. An matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa, gwamnati ce kuma ke yanka farashi. Gishiri da yadi da kananzir suka yi ƙaranci, tsadar rayuwa ta haura albashi, har ta kai ga babban yajin aikin ma'aikatan Najeriya na watan Yuni na 1945. Labarin yaƙin kuwa yana isa ga mai karatun Hausa ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939.

Wasu suna yabon Hitila saboda ya yaƙi Turawan mulkin mallaka. Akwai hujja a wannan?

Babu. Hitila bai yaƙi Birtaniya da Faransa domin ya 'yantar da kowa ba, aƙidarsa ma ta sa baƙar fata a can ƙasan jerin 'yan Adam. A 1937 gwamnatinsa ta yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka na Faransa suka haifa da matan Jamus aikin hana haihuwa a kan dole, a watan Yuni na 1940 kuma sojojinsa sun ware fursunonin yaƙi baƙaƙe daga farare suka harbe su a wurare irin su Chasselay.

Mafi girman laifinsa shi ne kisan ƙare-dangi da ya yi wa Yahudawan Turai, inda aka hallaka mutum wajen miliyan 6. Abin ya tafi ne mataki-mataki: dokokin Nuremberg na 1935 da suka raba su da 'yancin zama 'yan ƙasa, ƙona musu shaguna da wuraren ibada a watan Nuwamba na 1938, killace su a unguwannin yunwa, harbe su a bakin ramuka kamar yadda aka yi wa fiye da 33,000 cikin kwana biyu a Babi Yar kusa da Kiev, sa'an nan sansanonin kisa da iska mai guba, waɗanda a Auschwitz kaɗai aka kashe mutum wajen miliyan 1.1. An kuma kashe 'yan ƙabilar Roma da naƙasassu, fursunonin yaƙin Sobiyet wajen miliyan 3 kuma suka mutu a hannun Jamus. Takardun Jamusawan da kansu da shaidun kotun Nuremberg sun tabbatar da wannan. Duk irin ɓacin ran da mutum yake da shi a kan halin da Falasɗinawa suke ciki, bai halatta ya kai shi ga musanta zaluncin da aka yi wa wasu bayin Allah ba.

Mutum nawa suka mutu, kuma su wane ne?

Ƙididdiga ta bambanta, amma akasari ana sa ta a kan miliyan 60 ko fiye, kuma farar hula sun fi sojoji yawa. Tarayyar Sobiyet ta rasa wajen miliyan 27, Sin ta rasa miliyan 15 ko fiye, Poland kuma wajen miliyan 6. Yunwa ta yi kisa kamar makami. A birnin Leningrad da aka yi wa ƙawanya kusan kwana 900, rabon burodin wanda ba ma'aikaci ba ya sauka zuwa giram 125 a rana a watan Nuwamba na 1941, ɗan yankin da bai cika tafin hannu ba, shi ma an gauraya garinsa da abin da ba abinci ba, mutane suna layi cikin ƙanƙara domin su karɓe shi. A Bengal ta Indiya, ƙarƙashin mulkin Birtaniya, yunwar 1943 ta kashe mutum miliyan 2 zuwa 3. Su ma ƙasashen ƙawance sun yi ruwan wuta a kan birane, domin harin dare ɗaya a Tokyo a watan Maris na 1945 ya kashe mutum wajen 100,000.

Yaƙin ya kuma fitar da mata daga gida zuwa masana'antu da gonaki da bariki. Birtaniya ta fara kiran mata aikin ƙasa na dole a watan Disamba na 1941, mata wajen 800,000 sun sa kaki a rundunar Sobiyet, matan Faransa kuma sun samu 'yancin jefa ƙuri'a a 1944.

Me ya sa aka jefa bam ɗin nukiliya a Japan?

Gwamnatin shugaban Amurka Truman ta ce domin a kauce wa mamayar da za ta ci rayukan sojoji masu yawa. An jefa na Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, na Nagasaki ranar 9, kafin ƙarshen shekara kuma mutum wajen 140,000 sun mutu a birni na farko, wajen 70,000 a na biyu. Masana tarihi har yau suna jayayya, domin a tsakanin ranakun biyu Tarayyar Sobiyet ta shelanta yaƙi a kan Japan, wasu kuma suna ganin wannan ya girgiza shugabanninta kamar yadda bam ɗin ya yi. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne yawancin waɗanda suka ƙone farar hula ne. Kaso mai yawa na ma'adinin yuraniyom da aka yi aikin da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka tono shi.

Su wa suka tsara duniyar bayan yaƙi?

Mutum uku ne a zahiri: Roosevelt na Amurka da Churchill na Birtaniya da Stalin, waɗanda suka zauna a Tehran a ƙarshen 1943 da Yalta a watan Fabrairu na 1945, sa'an nan taron Potsdam ya kammala raba Jamus yanki huɗu. A Bretton Woods a 1944 aka aza harsashin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. A San Francisco ƙasashe 50 suka rattaba hannu a kundin Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Yuni na 1945, daga Afirka kuwa huɗu ne kawai a zauren, wato Habasha da Laberiya da Masar da Afirka ta Kudu. Amurka da Birtaniya da Faransa da Sin da Tarayyar Sobiyet suka keɓe wa kansu kujerun dindindin a Kwamitin Sulhu tare da ikon hawa kujerar na-ƙi, kuma wannan rabo na 1945 shi ne ake aiki da shi har yau.

Me aka yi wa 'yan mulkin mallaka alkawari, me kuma tsofaffin sojoji suka tarar?

A watan Agusta na 1941 Roosevelt da Churchill suka fitar da sanarwar Atlantika, wadda ta ce kowace al'umma tana da 'yancin zaɓen irin gwamnatin da za ta mulke ta. Bayan wata guda Churchill ya bayyana wa majalisarsa cewa ƙasashen Turai da Nazi suka mamaye ake nufi. 'Yan Afirka ba su bar maganar ta wuce ba, domin a 1943, sa'ad da tawagar editocin Afirka ta Yamma ta ziyarci Landan, Nnamdi Azikiwe ya miƙa takardar neman a aiwatar da sanarwar a ƙasashensu. Taron Brazzaville da de Gaulle ya kira a farkon 1944 ya yi alkawarin gyare-gyare, amma ya kore batun mulkin kai ƙarara.

Sojojin da suka dawo sun ga Bature yana gudu, sun gan shi a kame, sun ga 'yan Indiya suna neman 'yanci a fili, da yawansu kuma sun koyi tuƙi da kanikanci da karatu. Abin da suka tarar bai yi daidai da abin da suka bayar ba. A sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba, 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus suna neman bashin albashinsu, hukuma ta ce 35 ne suka mutu, masu bincike kuwa suna ganin adadin ya fi haka nesa. A Akara, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, aka harbe tsofaffin sojoji uku, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, suna tattaki domin kai takardar kokensu ga gwamna, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta tafiyar da ta kai Gana ga 'yanci a 1957. A Arewacin Najeriya mafi yawansu sun koma gona, wasu suka shiga aikin ɗan doka ko gadi ko tuƙin mota.

Sunayen wuraren da suka yi faɗa suna nan a ƙofofin barikoki: Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja, da kuma sansanin Bama a Akara, inda hedikwatar sojojin Gana take.